Faifan garmaho na gwanjo

Faifan garmaho na gwanjo shi ne tsohon faifan kiɗa ko waƙa da wani ya riga ya mallaka, daga baya ya sake shiga kasuwa ta hanyar sayarwa, kyauta, gado ko zubarwa. A ƙasashen Turai da Amurka ana yawan samun irin waɗannan fayafayai a shagunan ƙungiyoyin agaji, inda jama'a ke kai kayan da suka daina amfani da su a sayar, kuɗin kuma a yi aikin jinƙai da su. Fayafayan kiɗan jaz na shekarun 1950 da 1960 suna cikin waɗanda aka fi nema a can. A ƙasar Hausa ba a saba da irin waɗannan shaguna ba, don haka tsofaffin fayafayai sukan fito ne daga adakar gidaje, da rumfunan masu gyaran rediyo, da hannun dillalai da 'yan gwangwan. Cinikin yana da muhimmanci ga tarihi, domin akwai waƙoƙin Hausa da kiɗan Najeriya da dama waɗanda asalin naɗinsu ya salwanta, sai a jikin faifan kaɗai suka rage.

Asalin suna

Kalmar faifai ta Hausa ce tun asali. Tana nufin abin da mata ke saƙawa da kaba don rufe ƙwarya da bushe hatsi. Da na'urar kiɗa ta zo, sai aka ga abin da ake ɗora mata yana da faɗi da kewaye irin na faifan saƙa, aka ba shi wannan suna. Garmaho kuwa aro ne daga sunan na'urar a Turance. Daga baya sunan faifai ya bi CD da bidiyo, har yau ma ana cewa faifan bidiyo ga hoton da ke cikin waya. Gwanjo a asali yana nufin sayar da kaya ga wanda ya fi taya su da tsada, amma a maganar yau da kullum ya koma nufin kayan da aka taɓa amfani da su, musamman tufafi.

Ire-iren faifai

Ana rarraba faifai ne bisa yawan juyin da yake yi a minti ɗaya, da kuma abin da aka yi shi da shi.

Mai juyi 78 shi ne mafi tsufa. Ana yin sa da shalak, wani irin ƙaro da ake samu daga wani ƙwaro a Indiya da Kudu maso Gabashin Asiya, a gauraya shi da garin dutse. Yana da nauyi, kuma yana fashewa kamar tangaran idan ya faɗi. Mai faɗin inci 10 yana ɗaukar kimanin minti 3 a kowane gefe.

Mai juyi 33 da sulusi, wanda ake kira LP, kamfanin Columbia na Amurka ne ya fito da shi a 1948. Ana yin sa da robar PVC. Mai faɗin inci 12 yana ɗaukar minti 20 ko fiye a kowane gefe.

Mai juyi 45 ƙarami ne, faɗinsa inci 7. Kamfanin RCA Victor ya fito da shi a 1949. Yawanci waƙa ɗaya ce a kowane gefe.

A kowane gefen faifai akwai siririn layi guda ɗaya da ya naɗe tun daga baki har zuwa kusa da tsakiya. Allura ce ke bin wannan layi, tana karkarwa bisa lanƙwasar da ke cikinsa, na'ura kuma ta mayar da karkarwar ta zama sauti. Wannan ne ya sa duk karcewa ko ƙurar da ta shiga layin ake jin ta a kunne.

Taƙaitaccen tarihi

Thomas Edison ya ƙera na'urar naɗar murya a 1877, amma tasa tana amfani da abu mai siffar gwangwani ne. Emile Berliner, Bajamushe mazaunin Amurka, shi ya yi rajistar garmaho mai amfani da faifai a 1887. Faifai ya fi sauƙin bugawa da yawa da kuma ajiyewa, don haka ya kori na gwangwanin daga kasuwa. Daga 1958 aka fara sayar da fayafayai masu raba sauti zuwa lasifika biyu.

Kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da kaset a 1963, sannan CD ya shiga kasuwa a 1982. Zuwa farkon shekarun 1990 yawancin manyan kamfanoni sun rage buga faifan roba ƙwarai. Mutane da yawa a Turai da Amurka suka kwashe nasu suka kai shagunan agaji, ko suka zubar. Daga wajen 2007 kasuwar ta sake farfaɗowa. A 2022, bisa ƙididdigar ƙungiyar kamfanonin kiɗa ta Amurka, an sayar da faifan roba kimanin miliyan 41 a ƙasar, CD kuma miliyan 33. Wannan ne karo na farko tun 1987 da faifan roba ya fi CD yawan fita.

Shagunan ƙungiyoyin agaji

Ƙungiyar Oxfam ta buɗe shagonta na farko na dindindin a titin Broad da ke birnin Oxford na Ingila a ƙarshen shekarun 1940, kuma a yau tana da wasu shaguna da littattafai da fayafayai kaɗai suke sayarwa. A Amurka akwai Goodwill, wadda Edgar Helms ya kafa a Boston a 1902, da kuma shagunan Salvation Army. A Faransa akwai Emmaüs, wadda Abbé Pierre ya kafa a 1949.

Tsarin aikinsu kusan ɗaya ne. Jama'a su kawo kaya kyauta, masu aikin sa-kai su tantance, su sa farashi, su jera. Fayafayai sukan zo da yawa a lokaci guda idan mai su ya rasu, ko ya tashi daga babban gida zuwa ƙarami. Mafi yawan abin da ake samu fayafayai ne da aka buga miliyoyinsu, waɗanda ba su da wata daraja a kasuwa. Mai nema yakan duba ɗaruruwa kafin ya ci karo da guda ɗaya mai tsada. A da, ma'aikatan shagunan kan sa wa kowane faifai farashi ɗaya mai rahusa. Bayan yaɗuwar intanet, musamman shafin Discogs da aka buɗe a 2000 da kuma eBay, sai shagunan suka koma duba darajar faifai kafin su fitar da shi, masu tsadar kuma su sayar ta intanet. Wannan ya sa tsintar dami a kala ta yi wuya fiye da da.

Waɗannan shaguna suna da alaƙa da kasuwannin ƙasar Hausa ta wata fuska. Tufafin da suka yi musu yawa sukan sayar wa 'yan kasuwa, a ɗaure su dila-dila a yi jigilarsu zuwa Afirka ta Yamma, wasu su ƙare a kasuwanni irin su Ƙofar Wambai a Kano. Faifai bai cika bin wannan hanya ba saboda nauyinsa da saurin lalacewarsa a zafi.

Fayafayan jaz

Jaz kiɗa ne da baƙaƙen fatar Amurka suka ƙirƙira a birnin New Orleans da kewaye a farkon ƙarni na 20. Faifan farko da aka sayar da wannan suna ya fito a 1917. Waɗanda masu tarawa suka fi nema su ne na ƙananan kamfanonin birnin Niyok: Blue Note, wanda Alfred Lion ya kafa a 1939, da Prestige na 1949, da Riverside na 1953, da Impulse! na 1960. Waɗannan kamfanoni ba sa buga kwafi da yawa a karon farko, don haka bugun farko ya yi ƙaranci.

Masu neman bugun farko na Blue Note suna duba alamomi kamar haka: adireshin kamfanin da ke jikin tambarin tsakiya, wato titin Lexington ko West 63rd ga fayafayan shekarun 1950, haruffan RVG a filin da ke tsakanin ƙarshen waƙa da tambari, waɗanda ke nuna aikin injiniya Rudy Van Gelder, da wata ƙaramar alama mai kama da kunne ta masana'antar Plastylite, wadda ta daina bayyana a wajen 1966 bayan kamfanin Liberty ya sayi Blue Note. Faifan Hank Mobley mai lamba 1568 na shekarar 1957 yana cikin mafiya ƙaranci, kuma mai kyau yakan kai dubban daloli. Shi kuwa Kind of Blue na Miles Davis, wanda Columbia ta fitar a 1959, an sake buga shi sau da yawa, don haka kwafinsa na baya-baya ba su da tsada.

Wasu fayafayan jaz suna da hannun 'yan Najeriya a ciki. Makaɗi Solomon Ilori ya yi aiki da Art Blakey a faifan The African Beat na 1962, sannan Blue Note ta fitar masa da nasa, African High Life, a 1963.

Zuwan faifai ƙasar Hausa

Garmaho ya shigo Najeriya ta hannun Turawan mulki, da 'yan mishan, da kantunan kamfanonin ciniki. Layin dogo ya isa Kano a 1911, kuma unguwannin Sabon Gari na Kano da Zariya suka zama wuraren da ake samun irin waɗannan kaya. Garmaho na farko ba ya bukatar lantarki. Wani hannu ake juyawa don ya yi aiki, allurarsa kuma ta ƙarfe ce da ake son a sauya bayan kowane gefe. Rashin sauya allura shi ya cinye layukan fayafayai da yawa na wancan zamani.

Tsakanin 1927 da 1930 kamfanin Zonophone ya naɗi waƙoƙin 'yan Afirka ta Yamma a Landan cikin harsuna da dama, har da Hausa, ya aiko da su a sayar a gida. A shekarun 1930 kamfanonin Odeon da Parlophone sun yi naɗi a Legas. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin Decca ya shiga kasuwar da ƙarfi, sai EMI da Philips, waɗanda daga baya suka kafa ɗakunan naɗi a Legas. Daga cikin kamfanonin 'yan ƙasa akwai Tabansi, wanda Cif Godwin Tabansi ya fara a Kano a farkon shekarun 1950, kafin rikicin da ya kai ga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya sa harkar ta koma kudu.

Minti 3 na faifai mai juyi 78 ya yi wa mawaƙan Hausa kaɗan, domin waƙar fada ko ta maza takan ɗauki lokaci mai tsawo ana kai da komowa tsakanin jagora da 'yan amshi. Sai da LP ya zo aka sami damar ɗaukar doguwar waƙa a gefe guda ba tare da an datse ta ba. A shekarun 1970 da farkon 1980 kamfanonin Legas, musamman EMI, sun fitar da fayafayan mawaƙa irin su Mamman Shata, da Ɗan Maraya Jos mai kuntigi, da Haruna Uji mai gurmi, da Barmani Coge mai kiɗan ƙwarya. A daidai wannan lokaci ƙungiyoyin kiɗan zamani na Arewa, irin su Elcados na Kano da Sahara All Stars na Jos, su ma sun yi fayafayai. Kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 sun sa ma'aikata da dama suka sayi rediyo mai haɗe da garmaho, wanda akan ajiye a falo kamar kabad.

Akwai kuma fayafayan da masu bincike suka naɗa aka buga a ƙasashen waje. David Ames ya naɗi kiɗan Hausa a shekarun 1960, aka fitar da shi cikin fayafayai biyu a jerin da hukumar UNESCO ta ɗauki nauyi. Tolia Nikiprowetzky ya yi irin wannan aiki a Nijar ga kamfanin Ocora na Faransa. Kamfanin Folkways na Amurka ya fitar da faifan gogen Alhaji Garba Liyo a 1976. Irin waɗannan an fi samun su a shagunan Turai da Amurka fiye da Kano ko Katsina, domin can aka sayar da su tun farko.

Kaset ne ya kawar da faifai a ƙasar Hausa. Rakoda tana aiki da batir, ana iya ɗaukarta zuwa gona ko majalisa, kaset yana da araha, kuma kowa na iya kwafarsa. Satar fasaha ta hanyar kwafar kaset da faɗuwar darajar naira bayan 1986 sun karya kamfanonin faifai. Manyan kamfanonin waje suka sayar da hannun jarinsu: EMI ta koma Ivory Music, PolyGram ta koma Premier, reshen Decca kuma ya ci gaba da sunan Afrodisia.

Jaz a Arewacin Najeriya

A 1960 Louis Armstrong ya zagaya ƙasashen Afirka, ya zo Najeriya, kuma akwai sanannen hotonsa tare da Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello a Kaduna. Masu sauraro a Arewa sun kuma san jaz ta shirin Willis Conover na Muryar Amurka, wanda aka fara a 1955. Bala Miller, wanda aka haifa a 1928 ya rasu a 2003, ya jagoranci babbar ƙungiyar kiɗa a Kaduna mai amfani da kayan busa na Turawa, yana waƙa da Hausa.

Alaƙa mafi ƙarfi ita ce ta Yusef Lateef, mai busa saksofon da sarewa, Musulmi ɗan Amurka da ya tashi a Detroit. Daga 1981 zuwa 1985 ya zauna a Zariya a matsayin babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya yi nazarin sarewar Fulani. A 1983 ya naɗi faifan Hikima tare da makaɗan cibiyar, sannan ya naɗi wani mai suna In Nigeria a Legas, wanda kamfanin Landmark ya fitar a 1985. Shi da Ziky Kofoworola sun rubuta littafi kan kiɗa da wasannin Hausa da aka buga a 1987. Bugun farko na Hikima bai yaɗu sosai a wajen Najeriya ba, shi ya sa masu tarawa suke nemansa, har aka sake buga shi bayan rasuwar Lateef a 2013. Shi kansa Lateef ba ya son a kira kiɗansa jaz.

Yankin Funtuwa da Mairuwa

Mairuwa gari ne a ƙaramar hukumar Faskari ta Jihar Katsina, a kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, kusa da madatsar ruwan da ke ɗauke da sunansa. Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Babbar cibiyar cinikin yankin ita ce Funtuwa, wadda ta bunƙasa da layin dogon Zariya zuwa Ƙauran Namoda na ƙarshen shekarun 1920 da kuma cinikin auduga. A Daudawa, cikin ƙasar Faskari, an daɗe da gonar irin auduga ta gwamnati. Kuɗin auduga da na hatsi su ne suka ba manoma da fatake na yankin damar sayen kayan zamani irin su keke, rediyo da garmaho bayan kaka.

Yankin yana da matsayi a tarihin faifan Hausa saboda mawaƙa biyu. Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923 ya rasu a 1999, ya yi zama mai tsawo a Funtuwa, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Barmani Coge, wadda ta rasu a 2013, 'yar Funtuwa ce. Dukkansu sun yi wasa a bukukuwan garuruwan kewaye, kuma waƙoƙinsu da dama suna ambaton mutane da wuraren wannan yanki. Saboda haka faifansu tushe ne ga mai nazarin tarihin ciniki, sufuri da sarauta na kudancin Katsina.

Rashin tsaro da ya addabi Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa tun daga ƙarshen shekarun 2010 ya raba iyalai da yawa da gidajensu. Wanda ya fita cikin gaggawa ba ya ɗaukar adakar tsofaffin kaya. Gidan da aka bari babu kowa kuwa, damina da gara su ne ke gadonsa. Wannan haɗari ya shafi fayafayai kamar yadda ya shafi tsofaffin littattafai, hotuna da takardun gona.

Inda ake samunsu a ƙasar Hausa

Gidajen tsofaffin ma'aikata, malaman makaranta, 'yan kasuwa da direbobi su ne tushe na farko. Idan mai gida ya rasu aka zo rabon gado, ba a cika yi wa faifai ƙima ba, sai a bar wa yara su yi wasa da shi, ko a haɗa da tarkace a sayar.

Masu gyaran rediyo da rakoda sukan riƙe tsofaffin na'urori da masu su ba su dawo karɓa ba, wani lokaci har da fayafayan da aka kawo don gwaji. Tsofaffin masu sayar da kaset, waɗanda da faifai suka fara sana'a, wasunsu sun ajiye fayafayan da suke kwafa daga ciki.

'Yan gwangwan da 'yan jari-bola suna sayen garmaho don ƙarfe da wayar tagulla da ke cikinsa. Ta nan na'urori da yawa suke ƙarewa a wurare irin su Fanteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano. Masu sayar da kayan tarihi a Kasuwar Kurmi su ma garmaho yakan faɗo hannunsu. A Legas akwai shaguna na musamman, kamar Jazzhole da ke titin Awolowo a Ikoyi, wanda ke sayar da littattafai da fayafayai tun shekarun 1990.

Gidajen rediyo suna da nasu ɗakunan ajiya. Mafi shahara a Arewa shi ne na Rediyon Najeriya Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962. Irin waɗannan fayafayai dukiyar hukuma ce, sukan ɗauki hatimin tasha a jikin kwali ko tambari, don haka masu saye na gaskiya suna kaffa-kaffa da duk wanda suka gani da irin wannan hatimi a kasuwa.

Duba faifai kafin saye

Ana fitar da faifai daga kwali a riƙe shi ta baki da tsakiya, a karkata shi a haske. Siririn gogewa da ba a jin ta da farce yawanci ba ta hana sauraro. Karcewar da farce ke maƙalewa a cikinta kuwa za ta riƙa ƙara a kowane juyi, ko ta sa allura ta yi tsalle. Idan layukan sun yi fari-fari ko toka-toka, alama ce tsohuwar allura ta cinye su, kuma wanki ba ya gyara wannan. Ana ɗora faifai a kan abu mai shafe don a ga ko ya lanƙwashe. Ana kuma gwada lambar da ke kan tambari da ta jikin kwali, domin sau da yawa akan tarar faifan wani a rigar wani.

Masu cinikin duniya suna amfani da ma'aunin da mujallar Goldmine ta Amurka ta yaɗa, wanda ya fara daga M ga wanda ba a taɓa sawa ba, sai NM, VG+, VG, G, har zuwa P ga wanda ya lalace. Faifai da kwali kowanne ana yi masa nasa maki. Fayafayan da aka samo a Afirka ta Yamma ba safai suke wuce VG ba, saboda an yi ta sa su a bukukuwa da otal-otal, ga kuma ƙura da zafi.

Abubuwan da ke sa farashi su ne ƙarancin faifan, yawan masu nemansa, lafiyarsa, kasancewarsa bugun farko, da samun kwalinsa na asali. Tsufa kaɗai ba ya sa tsada. A kasuwar duniya fayafayan afrobit, fonk da disko na Najeriya na shekarun 1970 sun fi na kiɗan gargajiya na Hausa tsada, domin masu sa kiɗa a gidajen rawa na Turai su suke nema. Darajar faifan Hausa ta fi ƙarfi ta fuskar tarihi da harshe.

Adanawa

Zafi shi ne babban abokin gaban faifan roba. Yana fara lanƙwashewa idan zafi ya kusa digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, abin da kan iya faruwa a cikin mota da aka rufe a rana ko a ƙarƙashin rufin kwano a watannin Maris zuwa Mayu. Ana jera fayafayai a tsaye kamar littattafai, ba a jibge su wani kan wani ba. Ana ɗaga su daga ƙasa saboda gara da ruwa. Laimar damina tana kawo fumfuna a kwali, ƙurar hunturu kuma tana shiga layuka.

Ana wanke faifan roba da tataccen ruwa da ɗigon sabulun ruwa, a shafa da ƙyalle mai laushi ana bin zagayen layi, a kiyaye kada tambarin takarda ya jiƙe, a bar shi ya bushe a inuwa. Ba a sa wa faifan shalak sinadarin sifirit ko kaɗan, domin yana narkar da shi. Ba a kuma sa faifan roba a garmaho mai allurar ƙarfe, domin sau ɗaya ya isa ya lalata shi. Hanya mafi tabbas ta ceton abin da ke ciki ita ce a kwafe sautin zuwa kwamfuta ba tare da matse shi ba, a ɗauki hoton tambari da kwali gaba da baya, a rubuta sunan mawaƙi, kamfani, lamba da inda aka samo faifan.

Sake bugawa da haƙƙin mallaka

Daga farkon shekarun 2000 kamfanonin Turai da Amurka suka fara sake buga tsohon kiɗan Najeriya. Strut ta fitar da tarin Nigeria 70 a 2001, Soundway ta fitar da jerin Nigeria Special daga 2008, Luaka Bop ta fitar da waƙoƙin William Onyeabor a 2013, BBE kuma ta fara sake buga fayafayan Tabansi a 2019. Kamfanin Sahel Sounds ya mayar da kaset ɗin Mamman Sani na Nijar na 1978 zuwa faifai a 2013, kuma a shekarar ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa na Kano. Da yawa daga irin waɗannan ayyuka daga faifan gwanjo aka ɗauko sautinsu, saboda asalin zaren naɗin ya ɓace ko ya lalace.

Wannan harka ta jawo muhawara. Masu goyon baya suna cewa masu tarawa sun ceci kiɗan da ke kan hanyar shara, sun kuma dawo da sunan mawaƙan da aka manta. Masu suka suna cewa an sayi fayafayai da arha daga mutanen da ba su san darajarsu ba, an fitar da su waje da yawa, har ta kai ɗalibi a Zariya ko Katsina zai fi samun tsohon naɗin Afirka ta Yamma a rumbun sauti na Laburaren Birtaniya fiye da a jami'arsa.

A doka, sayen faifai yana ba mutum mallakar wannan kwafin ne kawai. Yana iya saurare, ya sayar ko ya bayar. Kwafa don ciniki kuwa sai da izinin mai haƙƙi. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba naɗin sauti kariya ta shekara 50 daga lokacin da aka fara fitar da shi, ita kuwa waƙar kanta tana da kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Bisa wannan lissafi, waƙoƙin Shata da na Barmani Coge suna ƙarƙashin kariya har yanzu, ko da naɗin wasu daga cikinsu ya haura shekara 50, kuma duk mai son sake buga su sai ya nemi magadansu ko wanda haƙƙin ya koma hannunsa.

Duba kuma

Mamman Shata
Barmani Coge
Ɗan Maraya Jos
Yusef Lateef
Funtuwa
Faskari
Kiɗan Hausa